Ɗan Kasuwar Dabbobi

Ina wanke-wanke bayan la'asar, ranar wata Talata, wayata ta yi ƙara. A Wangsa Maju, unguwar da muke zaune a Malesiya, yamma ta fara yi, a gida kuwa hantsi ne. Ƙanena ne. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Na ce to. Ya sake faɗa, yana zaton ban ji ba. Na ce na ji. Ya ce Baba ya dawo daga kwata da wuri, ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, ya kishingiɗa a zaure, ko kayan aiki bai cire ba. Za a kai shi bayan azahar.

Na kashe famfo, na goge hannu, na shiga ɗakin da maigidana ke karatu na faɗa masa. Ya yi salati, ya cire tabarau, ya yi kuka na gaskiya, don yana ƙaunar Baba. Da ya natsu sai ya ɗauki waya zai sanar a zauren sada zumunta na ɗaliban Arewa da ke nan garin. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya dube ni.

"Zan sa kamar yadda suka sani," in ji shi.

Ya rubuta ya tura.

Abin da suka sani shi ne mahaifina ɗan kasuwar dabbobi ne. Mahaifina kuwa mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci.

Maigidana, wanda nake kira Malam, ba mugu ba ne. Lokacin da ya zo garinmu koyarwa ya gan ni ya ce yana so, danginsa sun ce ba za su kai goro gidan Rundawa ba. Wata gwaggonsa har cewa ta yi jikokinsu za su riƙa ƙarnin jini. Ya tsaya kai da fata sai da aka ɗaura. A gida ban taɓa ganin ya ji kunyar zama a tabarmar Baba ba. Sai dai da gwamnati ta turo shi Malesiya ƙaro karatu muka biyo shi ni da 'yarmu, jarumtar tasa ba ta samu biza ba. A filin jirgin Kano muka baro ta.

A makonmu na farko matar shugaban ƙungiyar ɗalibai, wadda kowa ke kira Anti, ta gayyace mu cin abinci a gidanta a Sri Petaling. Muna cikin tasi Malam ya ce, "Nan babu wanda ya san mu. In an tambaya, Baba ɗan kasuwar dabbobi ne."

Na ce, "Ƙarya zan yi?"

"Ina ƙarya a ciki? Ba ya sayen dabbobi?"

"Yana saye. Ba ya dai sayar da su da rai."

"Wannan ƙarin bayani ne," in ji shi. "Ba kowa ke bukatarsa ba. Don yarinyar nan nake faɗa, ba don kaina ba."

Kuma an tambaya ɗin. Ban gama cire takalmi ba Anti ta tambaye ni gari, ta tambayi unguwa, ta ce, "Gidan wa?" Na ba ta amsar da aka koya mini a tasi. Ta ce ma sha Allah, ta jawo 'yata ta zaunar a cinya, ta ce ta yi wa ɗanta kamu. Daga ranar "surukata" take kiranta.

Shekara huɗu na yi a garin nan ban taɓa haɗuwa da ɗan maƙeri ko ɗan wanzami ko ɗan makaɗi ba. Duk wanda ka taɓa, kakansa alƙali ne, ko hakimi, ko limamin Juma'a. Nakan zauna in yi ta tunanin wa ke yi wa mutanen Arewa aski.

Karatun Malam digiri na uku ne a adabin Turanci. Littattafan wani marubuci ɗan Indiya yake nazari, wanda ya yi rubutu da Turanci a kan talakawan ƙasarsu da ake haifa a cikin sana'ar da ake ƙyama, masu shara da masu kwasar ƙazanta da majema. Ɗa ya gaji uba, babu hanyar fita, ba a aurensu, ba a shan ruwa a kofinsu. Ni sakandare kawai na yi, Turancina na cike katin asibiti ne da ciniki a kanti, don haka shi ke fassara mini. Yakan biyo ni har madafa da littafi a hannu, shafukan duk sun sha jan biro. Wata rana ya karanta wani wuri, ya ɗago kai ya dube ni.

"Ki duba fa," in ji shi, "a wulaƙanta ɗan Adam saboda aikin ubansa!"

Na ce, "Allah ya kyauta." Nama nake yankawa a lokacin, ban ɗaga kai ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci abokansa kan taru a falonmu. Dukansu Dakta suke kiran juna, ko da yake babu wanda ya gama a cikinsu. Maganar Indiya ba ta taɓa tashi ba tare da an gode wa Allah ba. Ɗaya ya ce, "Dakta, ai mu Musulunci ya yi mana gata, babu wannan jahilcin a wurinmu." Kowa ya ce ƙwarai. Ba a jima ba wannan mai magana ya ba da labarin ƙanensa da ya ɗauko maganar auren 'yar maroƙi, da yadda ya buga waya daga nan ya kashe wutar. Wani ya yi dariya ya ce, "To Dakta, wannan fa?" Ya ce, "A'a, ka bambance. Nasu wariya ce, namu kuwa duba asali ne." Aka yarda da bambancin. Suka ci tuwon da na tuƙa, suka yaba yadda naman ya yi laushi.

Baba ba shi da wayar da ke nuna hoto, da ta ƙanena yake kirana, kuma yakan kanga ta kusa da fuska har ba na ganin komai sai goshinsa da bakin hula. Wata rana ya ce, "Uwata, wai shi Malam me yake karantawa ne shekara da shekaru ba ya ƙarewa?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na yi masa bayani iya fahimtata. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Har Malesiya aka kai shi ya karanto wannan? Gwamnati ba ta shawara. Da ta turo mini shi kwata na ba shi benci, wata uku ya gama."

Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Tambayar mini shi abu guda. A ƙarshen labaran nan, masu sana'ar ne ke barin sana'arsu, ko masu ƙyamar ne ke barin ƙyamarsu?"

Na tambayi Malam muna cin abinci. Ya ajiye cokali, ya tashi ya ɗauko biro ya rubuta a bayan wata takarda. Ya ce, "Kin san wannan ita ce tambayar babi na biyar?"

Na ce, "To me zan ce wa Baba?"

"Ki ce ya yi haƙuri, ina babi na uku."

Na faɗa wa Baba haka. Ya ce babu gaggawa, yana nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watandar babbar sallar bara. Mazan suka haɗa kai suka sayi sa a wata gona a bayan gari, wajen Gombak, za a yanka a raba gida-gida. Muka tafi da safe, mata da yara da robobi da kuloli. Mai gonar, wani dattijo ɗan ƙasar, ya yanka mana, ya ce ma'aikatansa na kan wasu shanun, ba za su zo kan namu ba sai bayan azahar. Ya tambaya ko za mu iya da kanmu. Shugaban ƙungiya ya buga ƙirji ya ce, "Boleh, boleh, za mu iya! Mu daga ƙasar shanu muka fito."

Mutum tara suka kewaye sa, duk Daktoci. Ɗaya ya riƙe waya yana nuna musu bidiyon fiɗa, ɗaya yana fassara, sauran suna gardama a kan ta ina ake farawa. Wuƙaƙen da suka zo da su na yanka albasa ne. Fatar nan kafin su raba ta da jiki ta koma rariya.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma mu biyar mata aka jera kafin a samu namiji. Duk layya, idan maƙwabta suka kawo wa Baba aiki ƙofar gida, ni ke riƙe masa ƙafa, har na kai shekara goma sha biyu. Na san inda wuƙa ke bi da inda ba ta bi. Yakan ce hannuna ya fi na yaran da ke masa aiki a kwata. Ranar nan a gona na tura hannayena cikin hijabi na riƙe ɗaya da ɗaya, don ƙaiƙayi suke yi.

Da suka zo fasa ciki na ga mai wuƙar ya kafa tsininta ƙasa zai danna. Bakina ya riga ni. Na ce, "A juya kaifin sama, a sa yatsu biyu a ƙarƙashi, kar ta taɓa tumbi."

Kowa ya waiwayo. Anti ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ke kuwa ina kika san wannan? Sai ka ce 'yar mahauta!"

Aka kwashe da dariya. Malam, jini har gwiwar hannu, ya ce, "A bidiyo take gani." Aka ƙara dariya. Ni ma na yi. Wannan ne abin da ba na iya mantawa, na buɗe baki na yi dariya tare da su, har na rufe fuska da gefen hijabi kamar wadda aka yi wa ba'ar da ba ta shafe ta ba.

Mai wuƙar bai bi maganata ba, tunda ba Dakta ce ta faɗa ba. Ya huda tumbi, abin ciki ya malale a kan nama. Wajen cire hanta suka fasa matsarmama. Da aka zo rabo, wani mai karatun injiniya ya fito da sikeli ya ce za a yi adalci na kimiyya. A watandar da na sani, kashi-kashi ake yi a ƙasa, kowane kashi a jefa masa tsoka da ƙashi da kitse da ɗan hanta da ɗan tumbi, yadda kowane gida zai ɗanɗani san gaba ɗaya. Su kuwa nauyi kawai suka auna. Kowa ya samu daidai da na ɗan'uwansa, gida guda ya tashi da ƙashi zalla, wani ya tafi da huhu cike da kula. Mako guda ana cin miya mai ɗaci a Wangsa Maju, ana cewa shanun ƙasar nan ne ba su da daɗi.

Da yammar ranar yankan Baba ya kira barka da salla. Na ba shi labarin, ina yi ina ƙara gishiri don ya yi dariya. Ya yi kaɗan. Sai ya ce, "Ke kina ina lokacin?"

Na ce, "Ina tsaye."

"Kina tsaye," in ji shi.

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "To Allah ya yi albarka. Ina 'yar jikata?" Mutumin da ya yi shekara hamsin yana gane lafiyar dabba daga tafiyarta ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Saboda haka da aka fara zuwa mini gaisuwar rasuwarsa, na san abin da ke jirana. Zuwa gida bai yiwu ba, an riga an binne shi tun ina neman inda zan zauna. Maza suka cika falo, mata muka shige ɗaki, aka bar ƙofa a buɗe don mu ji addu'a. Mutane sun yi mana kirki, ba zan ɓoye ba. Kowa da kularsa, wanda bai iya dafawa ba ya tsaya shagon abincin da suke kira mamak ya yo mana ƙunshi.

Ranar farko Baba ɗan kasuwar dabbobi ne, kamar yadda sanarwa ta ce. Rana ta biyu na ji wani a falo yana gaya wa sabon zuwa cewa babban dillalin shanu ne, sananne a yankinmu. Ranar sadakar uku shugaban ƙungiya ya tashi zai yi addu'a, ya fara da tarihin mamaci, ya ce attajiri ne wanda manyan motocinsa ke kai shanu Kudu, ga taimakon addini. Baba da keke ya yi rayuwarsa, sai a 'yan shekarun nan ƙanena ya matsa masa ya karɓi babur. Da zaman ya kai bakwai, ina jin da ya sayi jirgin ruwa.

Ina zaune ina jin ana yi wa wani mutum da ban sani ba addu'a. Kowa na cewa amin da zuciya ɗaya. Sai tsoro ya kama ni, na ce a raina, wannan gafarar da ake ta roƙo, ga wa za a kai ta?

Anti na kusa da ni, ta dafa gwiwata. Ta ce, "Sai haƙuri, ƙanwata. Ai kasuwancin dabbobi sai mai haƙuri irinsu. Mutum ya yini cikin mahauta, ga ƙazanta ga ashar. Allah dai ya ba shi ladan zama da su."

Na ce, "Anti, Baba mahauci ne."

"Na'am?"

"Mahauci ne. A kwata yake aiki, ubansa ma haka. Da kayan aikin a jikinsa ya rasu."

Ban ɗaga murya ba, amma gidajen nan bangonsu kamar kwali ne, ga ƙofa a buɗe. Falo ya yi tsit. Ba a jin komai sai fanka da wucewar jirgin ƙasa can ƙasa. Wata baiwar Allah da ta ɗauko tsokar nama za ta kai baki ta tsaya tana dubanta, kamar ta san Baba.

Anti ta gyara ɗaurin kallabi. Ta ce, "To ai... ai sana'a ce. Duk ɗaya muke a wurin Allah."

Wata daga bayan ɗaki, don ta kwantar mini da hankali, ta ce, "Wallahi ko kaɗan ba ki yi kama ba."

Na ce, "Da shi nake kama. Duk wanda ya san shi, in ya gan ni ya san 'yarsa ce."

Daga falo shugaba ya yi gyaran murya ya ce a yi wa mamaci fatiha. Aka ɗaga hannu. A kwana ukun nan, wannan ce fatihar da na tabbata ta san hanya.

Da mutane suka watse ina tattara kofuna, Malam ya tsaya a bakin ƙofar madafa. Ya ce, "Da kin bari an gama zaman makoki."

Na ce, "Na bari shekara huɗu."

Ya karɓi tiren daga hannuna ya wanke kofunan da kansa, abin da bai taɓa yi ba, har ya fasa guda.

Babu wanda ya daina gaishe ni. Mutanenmu sun fi ƙarfin wannan, masu ilimi ne. Anti dai ta koma kiran 'yata "'yan mata", kamun ya warware ba tare da an aiko ba. Yarinyar ta tambaye ni da Turanci me ya sa, na ce mata Anti ta tsufa, mantuwa take yi. A gefe guda kuma wayata ba ta huta ba. Wannan ta tambayi wane yanki ya fi kyau da dambun nama, waccan ta ce ko na iya kilishi, tunda abin a jini yake. Kwamitin layyar bana ya aiko mini takarda, an naɗa ni mai ba da shawara. Na ce musu ba na ba da shawara, in suna so in zo da wuƙata. Sun ce za su zauna a kai.

Majalisar Juma'a na nan tana ci. Ana dai ɗan rage murya idan na shigo da tire, kuma an daina gode wa Allah a kan Indiya sai na fita.

Kwanaki ina share ɗakin karatu na tarar da kwamfutar Malam a buɗe, a kan shafin godiya na kundin digirinsa. Tun bara ya rubuta shafin, ya taɓa karanta mini. Akwai gwamnati a ciki, da malamansa, da iyayensa, da ni. Akwai layin Baba, inda a da aka rubuta surukinsa, ɗan kasuwa. Na ga ya goge ɗan kasuwar, ya ƙara addu'ar rahama a ƙarshe. Tsakanin waƙafi da addu'ar ya bar fili.

Da ya shigo na nuna masa da tsintsiya. Ya ce yana neman kalmar da ta dace ne da Turanci.

Na ce, "Ko ni mai sakandare na san ta."

Ya ce ya sani. Ya ce zai sa.

Wata biyar ke nan da rasuwar. Filin yana nan yadda na gan shi, kuma Malam bai fara babi na biyar ba.